Kada Inna Ta Mutu Cikin Abisa

Basam, 12 ga Satumba, 1993

Zuwa ga Yaya Miezan,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara, da kuma aikin teku. Ni ce Ablema, 'yar Akuba, Akubar da mahaifiyarka Inna Manza ta goya bayan rasuwar uwarta, 'yar'uwar Inna. Rabonmu da juna shekara goma sha shida, don haka kada ka tuno yarinyar nan mai tawada a yatsu. Yanzu ni ke buga tebur in ce yara su yi shiru.

Na bar unguwar Yopugon ta Abijan a ƙarshen watan jiya, na tare a gidan Inna. Da na ji ba ta iya saukowa daga bene, sai na nemi canjin wurin aiki, aka ba ni aji a wata firamare ta hayin gada. Abokan aikina na Abijan sun sha dariya. Ɗaya ta ce, "Garin da gwamnan Turawa da kansa ya tattara ya gudu, shi za ki koma?" Na ce mata tafiyar awa ɗaya ce a mota, ba lahira ba.

Yaya, garin ya shiga raina. Gishirin teku ya cinye ƙarfen tagoginmu, katakon bene yana kuka in an taka, wata bishiya ta tsaga bangon gidan da ke kallonmu ta fito ta taga. Ran Asabar mutanen Abijan sukan zo su yi ta ɗaukar bangayenmu hoto, har da shanyata. Amma gidan nan, in ya sami gyara, ba na biyunsa a layin. Tsohon kantin ƙasan bene da ke rufe tun zamanin kakanni, na riga na ga inda zan rataya allo in riƙa karantar da yaran masunta da yamma. Matan unguwa dai ba su karɓe ni ba tukuna. Yaba mai bandar kifi, maƙwabciyarmu, kullum sai ta ce, "Madam Abijan, hayaƙinmu bai ɓata miki turare ba?"

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙafafun Inna sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Likita ya ce zuciyar ta gaji, kuma da na matsa masa, ya ce mako shida, in Allah ya ja kwana, mako takwas. Na dawo gida na buɗe kalanda. Bana za a shiga Abisa, bikin gangarmu na shekara-shekara, ran 24 ga Oktoba, a fita ran 7 ga Nuwamba.

Ka fi ni sanin abin da ake yi wa wanda ya mutu cikin kwanakin nan. Ba kuka, ba zaman makoki, ba a kai shi makwancin dangi. A ɗauke shi da gaggawa, a ce babbar ganga ce ta kama shi saboda mugun abin da ke cikinsa. Inna ta haifi tara, ta binne takwas, ta kuma binne duk sa'o'inta. Na riga na ji kalmar nan a bakin famfo, an faɗe ta ƙasa-ƙasa: mayya. In ta cika cikin Abisa, an buga wa maganar hatimi ke nan har abada.

Na ce mata, "Inna, mu je Yopugon wurin ƙanena ki huta, asibiti na kusa."

Ta ce, "In huta a garin da motoci ba sa rufe baki? Ke malama, kin iya lissafi, ni ma na iya. Abisa kike tsoro."

Na ce, "Ita nake tsoro."

Ta ce, "A ɗakin nan aka yanke mini cibiya. Amma in Miezan ya ce in tafi, zan tafi. Shi kaɗai ya rage mini da zan ji maganarsa."

To ka ji. In ta cika a Abijan, ba ruwan ganga da ita, sai mu dawo da ita bayan biki a yi mata abin da ya dace. Don Allah ka rubuto mata layi biyu kawai. Ka rubuto a ranar da ka karanta wannan.

Ƙanwarka,
Ablema

Basam, 3 ga Oktoba, 1993

Yaya Miezan,

Ina gaisuwa, ina gaida iyali. Mu dai muna nan yadda Allah ya ajiye mu.

Mako uku ke nan shiru. Kullum in na taso daga makaranta sai na biya gidan waya, har ma'aikacin ya fara girgiza mini kai tun daga bakin ƙofa. Makon jiya na sa aka buga wa kamfaninku a Port-Gentil, wata mata ta ce kana tsakiyar teku, ba ta san ranar saukowarka ba.

Inna ba ta iya kwanciya kuma, a zaune take barci da matasai uku. Abinci cokali huɗu, biyar. Jiya ta kira ni da sunan mahaifiyata har sau biyu. A aji ina koya wa yara kwanakin wata, ina rubutu a allo, ni kaɗai na san abin da nake ƙirgawa. Saura kwana ashirin da ɗaya.

Na yi tunanin in kira mota in sa a ɗauko ta da ƙarfi. Amma gada ɗaya ce ke fita daga unguwar nan, kuma ka san muryar Inna. Kafin mu haye, duk Basam ta ji an sace tsohuwa.

Ba ni da kowa a nan sai kai da kake nesa. Ka taimake ni.

Ablema

Port-Gentil, 1 ga Oktoba, 1993

Zuwa ga Ablema,

Na amsa gaisuwa. Muna lafiya, yara suna makaranta. Jiya na sauko daga wurin haƙar mai bayan mako huɗu, na tarar da takardarki ta 12 ga Satumba. Na karanta ta sau uku.

Ni ba mai dogon karatu ba ne kamar ki, don haka zan faɗi magana a miƙe. Kin cika rabin shafi da tagogi da bango da inda za ki rataya allo kafin ki iso kan mahaifiyata. Shekara goma sha shida ba wanda ya tuna da tsohuwa a danginku, sai yanzu da masu kuɗin Abijan ke zagaya tsofaffin gidaje suna neman wanda za su mayar otel. Na sani ta tsatson mata ake gādon gidan, ba zai zo hannuna ba, kuma in Inna ta kau ke ce a layi. Ki yi haƙuri ta kau tukuna. Ba a auna ɗaki mai shi yana numfashi.

Ko da zuciyarki fari ce, ki duba wannan. In aka fitar da ita ana saura kwana kaɗan a shiga Abisa, me matan bakin famfo za su ce? Za su ce mayya ta ji ƙamshin ganga ta gudu. Kin ga da hannunmu mun ba su abin da suke nema. Mahaifiyata ba ta ci kowa ba. 'Yan'uwana takwas ƙyanda da zazzaɓi da teku suka ɗauke su, ina wurin aka binne biyar. Wanda bai yi laifi ba ba ya tsallake katanga.

Likitoci kuma ba su ne Allah ba. Sun taɓa ba ta wata uku, yau shekara bakwai ke nan.

Ga 'yar takarda na sa a ciki, ki karanta mata. Kada a motsa ta daga ɗakinta. Hutuna sai Disamba.

Miezan

Basam, 20 ga Oktoba, 1993

Yaya Miezan,

Ina gaisuwa. Takardarka ta iso jiya, ta yi kwana goma sha takwas a hanya.

A tsaye na karanta ta a gidan waya, sai da na nemi benci. Ban san murnar da na yi da gidan kakanninmu za ta zama shaida a kaina ba. Halina ne, in na ga ɗaki a rufe sai in hango yara a ciki. Amma ka sani, ni ke wanke Inna, ni ke kwashe abin da ta yi, ni ke juya ta sau shida kafin gari ya waye. Mai neman gida ba ta buƙatar wannan, jira kawai za ta yi a Yopugon. Ba zan ƙara ko kalma a kai ba.

Maganarka ta biyu tana da ƙamshin gaskiya, na yarda za a ce ta gudu. Sai dai maganar baki iska ce, shekara biyu ta wuce. Kabarin da aka haƙa a bayan gari ba ya tashi ya koma cikin dangi.

Zan gaya maka abin da na kusa yi. Inna ba ta karatu. Na zauna a bakin gadonta da 'yar takardarka, na ga inda ka ce "ki zauna a ɗakinki", na san in na ce "ki bi Ablema" ba mai sani sai Allah. Bakina har ya buɗe. Sai ta ce, "Karanta yadda ya rubuta, malama, kada ki sa masa gishiri." Na karanta yadda ka rubuta.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Ɗan ubansa. Kai kamar ƙwaryar kwakwa." Sannan ta dube ni ta ce, "Daina wannan fuskar. Zan yi ƙoƙari in riƙe har su gama rawarsu. In na kasa, ku jefa ni inda suka ce, ƙasa duk ɗaya ce."

Ita ta ce ɗaya ce, amma na ga inda idonta ya tafi. Hoton 'yan'uwanka take kallo.

Ran Lahadi za a shiga. Yanzu ko ka canza magana, ba za ta iso a kan lokaci ba. Ka yi mana addu'a ta kwana goma sha takwas.

Ablema

Port-Gentil, 22 ga Oktoba, 1993

Ƙanwata Ablema,

Gaisuwa da ban haƙuri. Yau takardarki ta 3 ga wata ta same ni. Ban san jikin ya kai haka ba. Maiɗakina ta karanta duka biyun, ta tambaye ni abin da na mayar miki, da na gaya mata ta ce, "Kai da ka bar uwarka shekara goma sha shida, kai ne mai tuhumar wadda ke jinyarta?"

Na yi miki mugun zato, ki yafe mini. Ki ce wa Inna ni Miezan na ce ta bi ki Abijan. Ki ɗauki mota ko nawa ce. Su faɗi abin da za su faɗa, in dai za ta kwanta kusa da 'ya'yanta.

Allah ya sa wannan ta riga ganga isowa.

Yayanki,
Miezan

Basam, 10 ga Nuwamba, 1993

Yaya Miezan,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka gaisuwar rashi. Inna ta riga mu gidan gaskiya. Allah ya ba ta hutawa, ya ba ka haƙuri. Saƙon waya da na aika ta kamfaninku ya ce Litinin, 8 ga wata, haka ma takardar likita. Ka nemi wurin zama kai kaɗai kafin ka ci gaba.

Ta riƙe makon farko gaba ɗaya, makon da gari ke shiru. Ta riƙe kwana huɗu cikin makon rawa. Ran Alhamis da azahar ina ba ta romon kifi, kiɗa yana tasowa daga dandali, tana bin sa da yatsa a kan katakon gado. Ta ce, "Makaɗin nan sabo ne, hannunsa bai nuna ba." Na juya in ajiye kwano. Da na waiwayo yatsan ya tsaya.

Saura kwana uku da yini, Yaya. Na cusa bakin zanena a baki na cije. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Da na sauko ɗiban ruwa, Yaba tana bakin murhunta. Ta ce, "Madam Abijan, wa ya mare ki?" Ta dube ni, ta dubi tagar bene, ta goge hannu ta wuce ni ta hau.

Ita ta rufe mata ido ta ɗaure haɓa. Sannan ta kama kafaɗuna ta ce, "Barci take yi. Kin ji ni? Barci za ta yi har Litinin."

Na ce, "Yaba, da wannan zafin?"

Ta ce, "Shekara talatin ina hana kifi lalacewa, ke za ki koya mini zafi? Wanke fuskarki, ki shafa farar ƙasa, ki tafi dandali ki yi rawa a gan ki. Gidan da aka yi mutuwa ba a rawa."

Na tafi. Na shafa farar ƙasa har wuya, na shiga layin mata, yaran ajina suna nuna ni suna murna wai Madam ta iya. Ban taɓa yin abin da ya fi wannan wuya ba.

Da na dawo na tarar Yaba da wasu mata sun kwantar da Inna cikin tsohon bahon ƙarfe na ɗakin baya a bene, ƙanƙara sama da ƙasa, an rufe da dusar katako da buhuna. Cikin Abisa kowa na sayar da abin sha mai sanyi, ba mai tambayar mace da daron ƙanƙara a ka ina za ta. Su biyar ne har da Yaba, duk masu banda. Safe, rana, yamma, ɗaya na sauka ɗaya na hawa. In sun iso ƙofa sai su ɗaga murya yadda layi zai ji: "Manza, yaya jikin?" Yaba kuma ta leƙo ta taga ta ce, "Ta ce da sauƙi. Ta ce kifin da kika kawo jiya ƙaya ce zalla, ki ji tsoron Allah." Mutane su yi dariya su wuce, suna cewa tsohuwa dai bakinta bai mutu ba.

Biyu daga cikinsu su ne na ji a bakin famfo. Na kasa haƙuri na ce wa Yaba, "Ba ku ne kuke kiran ta da sunan nan ba?"

Ta ce, "Mun kira. Baki daban, hannu daban. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana huɗu, ga su can suna cin tuwo. Kuma kowace a cikinmu za ta tsufa, ba wadda ta san watan da za a kira ta. Miƙo buhun can."

Ran Asabar da hantsi asiri ya kusa tonuwa. Nana Ezoua, dattijon danginmu, ya zo gaida Inna kamar yadda yake yi kowace Abisa, da sandarsa da farin mayafi. Na tare shi a zauren ƙasa na ce tana barci. Ya ce zai jira. Yana tsaye sai ɗigon ruwa ya sauko ta tsakanin katakon bene ya faɗo masa a kafaɗa. Wani ya biyo. Ya taɓa da yatsa, ya ji sanyinsa. Ya leƙa waje, sama tas, ko gajimare babu. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a zo a fitar da ita kafin la'asar.

Ya ɗaga kai ya dubi katakon. Sannan ya ce, "'Yata, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaushe za a gama gyaran?"

Na ce, "Litinin, Nana."

Ya ce, "To Litinin zan dawo. Ki ce wa 'yar'uwata gwiwa ce ta hana ni hawa." Ya gyara mayafinsa ya rufe wurin da ya jiƙe, ya fita.

Ran Lahadi aka rufe biki. Litinin da rana ta fito, muka ɗauke baho, muka shirya ta a gadonta cikin farin leshinta. Yaba ta buɗe tagogin bene duka ta saki kuka na farko, layi ya ɗauka, kafin wani lokaci gida ya cika har titi. Ni kuwa ido ya bushe, kukan da na riƙe kwana huɗu ya ƙi sakuwa, har wata ta ce 'yan Abijan ba su iya kuka ba. Likita ya zo ya taɓa hannunta, ya dube ni, ya rubuta abin da ya rubuta. Ana cikin haka aka miƙo mini takardarka ta 22 ga Oktoba. Da na kai inda ka ce ta bi ni Abijan, sai da mata uku suka riƙe ni.

Na yafe maka, kai ma ka yafe mini zafin da na yi. Da rana tsaka aka haye da ita gada zuwa ɗakin ajiye gawa, mutane suna biye, masu shaguna suna miƙewa tsaye. Nana Ezoua da kansa ya sa ranar jana'iza, Asabar 4 ga Disamba, don hutunka ya kama. Ya kuma nuna wurin da sandarsa: tsakanin mahaifiyarta da 'yan'uwanka.

Ka zo da maiɗakinka da yara. Ka zo wa Yaba da turmin atamfa mai kyau, amma kada ka yi mata godiya a gaban mutane, kada ma ka yi a ɓoye, za ta ce ba ta san zancen da kake yi ba.

In ka gama karantawa ka sa takardar nan a wuta, ka tsaya har ta cinye. Mu takwas muka sani a Basam, har da Nana da likita, kai ne na tara, kuma a nan ya tsaya. Tun daga tasha za a fara yi maka gaisuwa, za a ce maka tsohuwa ta yi ƙoƙari, ta jira ganga ta yi shiru sannan ta tafi. Ka ce haka ne. Duk wanda ya tambaye ka ranar, ko 'ya'yanka ne bayan shekara arba'in, Litinin ce.

Ƙanwarka,
Ablema